Garinmu: Tarken Yadda Aka Siffanta Rayuwar Ƙasar Kano a Rubuce-rubuce Uku

1.0 Gabatarwa

Da wuya a sami ɗalibin da ya ratsa makarantar firamare da ta sakandare a ƙasar Hausa ba tare da an sa shi ya rubuta insha'i mai kan magana "Garinmu" ba. Haka kuma da wuya a buɗe kundin digiri na farko da aka rubuta a kan al'adun wata al'umma a rasa babi guda da aka keɓe wa tarihin garin da yanayin zaman mutanensa. Duk da yawan wannan irin rubutu, masu tarken adabin Hausa ba su cika waiwayarsa ba. Hankalinsu ya fi karkata ga ƙagaggun labarai da waƙa da wasan kwaikwayo, shi kuwa siffanta gari ana ɗaukarsa sharar fage ce kawai, watau abin da marubuci zai yi ya wuce kafin ya kai ga ainihin maganarsa.

Wannan maƙala za ta duba wasu rubuce-rubuce uku da suka siffanta rayuwa a ƙasar Kano. Na farko shi ne Kano ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji. Na biyu shi ne bayanan da Alhaji Umaru, limamin Kete-Krachi, ya rubuta da ajami a kan ƙasar Hausa. Na uku kuwa shi ne labarin rayuwar Baba mutuniyar Karo, wanda Mary Smith ta ɗauka daga bakinta. Za a yi wa kowannensu tambaya uku: a ina mai siffantawar yake tsaye, wa yake gaya wa, me kuma ya bari bai faɗa ba. Abin da ake son nunawa shi ne, waɗannan tambayoyi su suke yanke irin garin da mai karatu zai gani, fiye da yawan sanin da marubucin ya yi wa garin nasa.

2.0 Kano Daga Fada

An buga Kano ta Dabo Cigari a Zariya cikin 1958, a ƙarƙashin hukumar NORLA, zamanin Sarkin Kano Muhammadu Sanusi (1953-1963). Marubucin mutumin fada ne mai riƙe da sarauta, kuma tun daga sunan littafin mai karatu zai gane inda aka dosa, domin kirarin garin ne aka ɗauko, wanda ya jingina Kano ga Sarki Ibrahim Dabo (1819-1846). Ƙashin bayan littafin shi ne jerin sarakuna. Ya taso daga mutanen Dala da Barbushe, ya biyo ta kan Bagauda da zuriyarsa, ya zo ga jihadi da sarakunan Fulani, har zuwa zamanin Turawa. Wannan tsari gado ne daga tsohon tarihin sarakunan Kano da aka rubuta da Larabci, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi cikin 1908.

Ba ƙaramin amfani ke ga wannan tsari ba. Shi ne ya ba kowane wuri a birnin shekaru da asali. Wanda ya san cewa a zamanin Gijimasu aka fara ginin ganuwa, a zamanin Yaji Wangarawa suka zo, a zamanin Muhammadu Rumfa (1463-1499) aka kafa Kasuwar Kurmi aka kuma gina gidan sarautar da ake kira da sunansa, to in ya ratsa birni zai riƙa ganin tarihi a jikin ƙasa da gini. Bugu da ƙari, Dokaji ya yi rubutunsa da Hausa, domin Hausawa, a lokacin da akasarin abin da aka buga game da Kano da harsunan Turawa yake. Wannan kaɗai ya isa a yaba masa.

Amma fada tana da iyakar inda take hange. A irin wannan rubutu, lokaci da sarauta ake auna shi, saboda haka abin da bai canza da canjin sarki ba, ba shi da ƙofar shiga. Marinin Ƙofar Mata da yake tsoma zane a karofi zamanin sarki goma a jere bai yi wani abin da za a ce ya auku ba, don haka ba a ganinsa. Haka maƙeri da majemi da mai koda. Talaka yakan bayyana ne a cikin taro, ko dai a matsayin mayaƙi, ko mai biyan haraji, ko wanda fari da yunwa suka sama a zamanin wane. Ƙauyuka kuwa sukan shigo ne in sun yi tawaye ko in an ba wani hakimi riƙonsu. Ba za a ce wannan gazawar marubucin ba ce shi kaɗai, domin zubin da ya gada ne ya zo da ita. Sai dai wajibi ne mai nazari ya san cewa garin da ke cikin littafin gari ne kamar yadda ake ganinsa daga zauren fada.

3.0 Ƙasar Hausa Daga Gona da Kasuwa

An haifi Alhaji Umaru a Kano cikin 1858. Ya yi karatu da yawon neman ilmi a ƙasar Hausa, sa'an nan ya bi hanyar fataken goro zuwa Gwanja, ya sauka a Salaga wajen 1892, shekarar da yaƙin basasa ya tarwatsa garin. Daga baya ya zauna a Kete-Krachi, wadda a lokacin tana hannun Jamus, a yau kuwa tana cikin Gana, a can kuma ya rasu cikin 1934. A Kete-Krachi ne ya haɗu da Adam Mischlich, jami'in mulkin Jamus mai sha'awar harshen Hausa, wanda ya nemi ya rubuta masa bayanin ƙasarsu. Mischlich ya buga wani sashe na waɗannan bayanai tare da fassarar Jamusanci. Cikin 1973 Douglas Ferguson ya gabatar da fassararsu ta Ingilishi a matsayin kundin digirin digirgir a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, cikin 2000 kuma Stanislaw Pilaszewicz na Jami'ar Warsaw ya fito da wasu daga cikin rubutun zuben nasa na ajami.

Abin da ya fi jan hankali a rubutun Alhaji Umaru shi ne yadda ya tsaya a kan abubuwan da ɗan gari ba ya ganin sun kai a rubuta. Ya yi maganar ƙasar noma da amfanin gona, da sana'o'in hannu irin su saƙa da rini, da kasuwa da fatauci, da bauta, da aure, da karatu. Dalili biyu ne suka ba shi wannan ido. Na farko, nisa: mutum ne da ya bar gida ya zauna cikin mutanen da abincinsu da gininsu da yanayin daminarsu suka bambanta da nasa, saboda haka abin da a da yake ɗauka haka duniya take, yanzu ya gane al'adar wuri guda ce. Na biyu, mai tambaya: Bajamushe bai san komai ba, dole a yi masa bayani tun daga tushe. Da a ce wani malami ɗan'uwansa Bakano yake rubuta wa, da kunya ma ta hana shi bayyana yadda ake shuka dawa.

Ta fuskar salo, bayanin nasa na malami ne mai rarraba abu kashi-kashi, yana kiran kowane kashi da sunansa. Wannan ya sa rubutun ya zama rumbun kalmomi ga mai nazarin harshe, ya kuma zama madogara ga masu tarihin tattalin arzikin ƙarni na 19. To amma a nan ne rauninsa yake. Bayani ne na abin da aka saba yi, watau na "akan yi kaza", wanda a cikinsa manomi kowane manomi ne, kasuwa kuma kowace kasuwa ce. Mai karatu zai fita da sanin yadda ake rini, amma ba lalle ya haɗu da wani marini guda mai suna da unguwa da bashi a kansa ba. Har ila yau, tun da wanda ya nemi bayanin jami'in mulkin mallaka ne, ya kamata a tuna cewa batutuwan da aka zaɓa sun yi daidai da abin da mai mulki yake son sani game da ƙasa da arzikinta. Wannan bai rage gaskiyar abin da Alhaji Umaru ya faɗa ba, amma ya shata masa iyaka.

4.0 Karkara Daga Tsakar Gida

An haifi Baba wajen 1877, ta tashi a Karo, wani ɗan ƙauye kusa da Zarewa a kudu maso yammacin ƙasar Kano, dab da iyakar Zazzau. Zuriyarsu Barebari ne asali, mahaifinta manomi ne kuma malami. Daga ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950, a garin Giwa ta ƙasar Zazzau, ta ba Mary Smith labarin rayuwarta cikin kimanin mako shida. Mijin Mary, M. G. Smith, yana binciken zamantakewar Hausawan Zazzau a lokacin, kulle kuwa ya hana shi jin ta bakin mata, sai matarsa ta cike wannan giɓi. Baba ta rasu cikin 1951, littafin ya fito da Ingilishi a London cikin 1954 da sunan Baba of Karo. Matanin Hausa bai fito ba sai a farkon shekarun 1990, lokacin da aka buga shi a Jami'ar Bayero ta Kano.

A cikin ukun nan, wannan ne ya fi kusa da abin da ake nufi da siffanta rayuwa a garinsu mutum, dalili kuwa shi ne Baba ba ta zauna don ta siffanta gari ba. Labarin mutane take bayarwa, garin kuma yana fitowa ta cikin zirga-zirgarsu. Ana sanin tsakanin Karo da Zarewa ne ta gudun da mutanen ƙauye suke yi zuwa cikin ganuwa in an ji mahara sun doso. Ana sanin rinji ta yadda bayin gidansu suke raba yini tsakanin gandun ubangiji da gayaunarsu. Ana sanin garuruwan kewaye ta aure, domin kowane gari da ta ambata akwai wata goggo ko ƙawa ko kishiya da ta fito daga can ko aka kai can. Taswirarta ta dangantaka ce. Birnin Kano da sarautarsa, waɗanda su ne komai a wajen Dokaji, a nan suna can nesa, sai dai amonsu.

Wani abin lura shi ne ma'aunin lokaci. Baba da aure da haihuwa da suna da mutuwa take ƙirga shekaru. Ita kanta ta yi aure huɗu ba ta sami haihuwa ba, ta yi riƙon 'ya'yan dangi, ta kuma zama wadda ake nema a sha'anin biki da haihuwa. Saboda haka al'adu irin su kunyar ɗan fari da ƙawance da bori da zaman kishiyoyi ba a jere suke zuwa kamar a littafin al'ada ba. Kowace tana zuwa ne a kan wata mace takamaimai, a ranar da abin ya same ta, tare da abin da ya biyo baya. Wannan shi ne abin da bayanin Alhaji Umaru ya rasa. Ga ɗalibin adabi, darasin salo ne babba, watau al'ada takan yi rai a rubutu in an nuna ta tana aiki a kan mutum, musamman a inda wani ya kauce mata ko ta yi masa nauyi.

Duk da haka, akwai wuraren da ya kamata a yi hattara. Na ɗaya, muryar mai tambaya ba ta cikin matanin. Mai karatu yana jin Baba kamar mai magana a kan son ranta, alhali akwai tambayoyin da suka ja ta zuwa wasu batutuwa, akwai kuma hannun da ya tsara maganar bisa jerin shekaru. Na biyu, Baturiya take gaya wa, a zamanin da Turawa suke mulki. Ta nuna cewa Haɓe sun yi maraba da zuwan Turawa saboda hare-haren kamun bayi sun ƙare, masu sarauta ne ba su so ba. Mai yiwuwa ne ra'ayinta ke nan tsakani da Allah, domin danginta sun ɗanɗana kamu da fansa. Amma a cikin labarin nata ne kuma aka ga bayin gidansu sun watse bayan zuwan Turawan, arzikin gidan ya ja baya. Mai tarke ba zai ɗauki ɗaya ya bar ɗaya ba. Na uku, su bayin rinjin ana ganinsu ne ta idon 'yar masu gida. Yadda Karo take a wurin wanda aka kamo aka ajiye a rinji, babu wanda ya tambaya.

5.0 Matsalar Wanda Ake Gaya Wa

In aka jera ukun, wani abu mai ɗaure kai yakan fito. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma duka ukun 'yan ƙasa ne suka yi magana. Amma wanda aka rubuta domin 'yan gida, watau na Dokaji, shi ne ya fi ƙarancin bayanin zaman yau da kullum. Biyun da suka cika da wannan bayani kuwa, baƙo ne ya tambaya, kuma a hannun baƙi suka fara zama littafi. Labarin Baba ya yi kusan shekara 40 ana karanta shi da Ingilishi kafin jikokin tsararta su same shi da harshen da ta faɗe shi. Rubutun Alhaji Umaru ya bi ta Jamusanci da Ingilishi, ya daɗe ya fi saukin samu a ɗakunan karatu na Turai da Amurka a kan na Kano. Irin wannan ne ya sami labarin Alhaji Mahmudu Ƙoƙi, wanda ya ga shigar Turawa Kano cikin 1903 yana yaro, ya kuma yi aiki da G. P. Bargery a kan ƙamusun da ya fito cikin 1934. Neil Skinner ne ya ɗauki labarinsa, da Ingilishi kuma aka buga shi cikin 1977.

Dalilin wannan ba ɓoyayye ba ne. Ɗan gari in yana magana da ɗan gari, abin da duka suka sani shi ne abin da ba za a faɗa ba. Babu mai gaya wa maƙwabcinsa fasalin zaure ko yadda ake dakan fura. Abin da ake ganin ya cancanci tawada shi ne na nesa a lokaci, ko na sama a daraja. Ta haka ne abin da kowa ya sani a wani zamani yakan zama abin da babu wanda ya sani bayan shekara 60, saboda ba a taɓa ganin bukatar rubuta shi ba. Baƙo kuwa, ko da yake an ce makahon gari ne, makantar tasa ce take tilasta wa ɗan gari ya buɗe baki. Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano cikin 1851, ya bar bayanin kasuwa da cinikin tufafi da ake dogara da shi har yanzu, amma bai wuce abin da idon matafiyi zai gani ba. Inda aka sami riba sosai shi ne inda tambayar baƙo ta gamu da sanin ɗan gida.

6.0 Abin da Ya Shafi Aji

Wannan magana tana da nasaba kai tsaye da abin da ake koyarwa. Babin tarihin gari a yawancin kundayen ɗalibai zubin fada yake bi, ko da garin bai kai girman unguwa guda ta birni ba. Za a ce wani maharbi ne ya kafa shi, a jero masu sarauta, a ce mutanensa manoma ne da 'yan kasuwa, a ambaci damina da rani, a rufe. Akwai gwaji mai sauƙi da malami zai iya yi wa irin wannan babi: a cire sunan garin a sa na wani. In bayanin bai ƙaryata ba, to ba a siffanta kowane gari ba.

Maganin da rubuce-rubucen nan uku suka nuna shi ne a koya wa ɗalibi ya zama baƙon kansa. Ya ɗauka mai karatunsa bai taɓa ganin garin ba, ko kuwa jikansa ne da zai karanta bayan garin ya sake kama. Daga Dokaji ya koyi ba wuri shekaru da asali. Daga Alhaji Umaru ya koyi kiran abu da sunansa, ya bambanta jigawa da fadama, ya bi sana'a daga farkonta zuwa ƙarshenta. Daga Baba ya koyi ɗora bayani a kan mutum da abin da ya same shi. Sa'an nan ya tambayi kansa wane ne a garin ba a taɓa jin ta bakinsa ba.

Al'amarin kuwa ba na jira ba ne. Kano ɗin da jirgin ƙasa ya iske cikin 1911 ta sake fasali fiye da sau ɗaya. Dalar gyaɗa ta zama labari, an ci wurare da yawa na badala an yi gini, an cike kududdufai da dama, gonakin da ke bayan Ƙofar Kabuga da Gadon Ƙaya sun zama unguwanni. Abin da ya sami birni yana samun ƙananan garuruwa, su kuwa ba su da Barth, ba su da Dokaji.

7.0 Kammalawa

An ga cewa kowane ɗaya daga cikin rubuce-rubucen nan ya ba da ƙasar Kano ta gaskiya, amma gwargwadon abin da ake hange daga inda mai maganar yake tsaye. Na Dokaji ya fi ƙarfi wajen tarihi da asalin wurare, na Alhaji Umaru wajen aiki da arziki da kalmominsu, na Baba wajen zaman mutane da juna. In ma'aunin shi ne siffanta rayuwa, na Baba ne a gaba, ko da yake ita kaɗai ce a cikinsu ba ta riƙe alƙalami ba. Ya kamata sassan nazarin Hausa su sa waɗannan matanoni cikin abin da ake tarke a darasin rubutun zube, a karanta su da Hausarsu, a kuma yi ƙoƙarin fito da na Alhaji Umaru cikin rubutun boko a farashin da ɗalibi zai iya saye. Sauran aikin kuwa yana wuyan 'yan kowane gari, su tambayi tsofaffinsu abin da suke ganin bai kai a tambaya ba, tun suna da rai.